Abin da Fitila Ta Nuna

Doña Eulalia ta sauko daga tudun Valparaíso
da kyanwa cikin kwandon burodi.
Matakala ɗari da sittin, ta ce, ta ƙirga,
gwiwa na kuka, kyanwa na kuka.

Sunanta Neblina. Bayan kunnen hagu
gashi ya zube ya bar da'ira,
kamar inda aka ɗauke kofi daga tebur.

Na ja labule, na kashe wuta.
Can a tasha jirgin ruwa na gunji.
Na kunna 'yar fitilar nan mai shuɗin haske,
sai silin gashi ya ɗau ƙyalli, kore shar,
ɗaya, biyu, sannan unguwa guda.
Tsohuwa ta ce, "Ashe taurari take goye da su."
Ban ce makero ba ne.
Na bari sai da haske ya dawo.

Da sabon buroshin haƙori na taje ta
daga ƙeya har wutsiya,
na dangwala a faranti, na rubuta kwanan wata,
na rufe kabad.

Kwana biyar shiru.
Ran na shida wani farin abu ya tofo
kamar saɓin auduga,
ƙarƙashinsa rawaya irin ta ƙwaiduwa.
A madubin awo na gan su:
'yan kwale-kwale masu tsini gaba da baya,
kowanne an raba cikinsa ɗaki-ɗaki,
babu matuƙi, amma sun iso gaɓa.
Ba su da baki, gashi suke ci.
Ba gaba ce ta kawo su ba, yunwa ce kawai.

Da ta dawo na jera mata sharuɗɗa:
wanka sau biyu a mako, magani kullum,
a tafasa bargo, a share kowane lungu,
kyanwa kuma ta kwana ɗaki daban.

Ta yi shiru. Ta naɗe hannun riga.
A tsintsiyar hannunta ga jan zobe,
gefensa ya tasa, tsakiyarsa fes.
"Tun da teku ta riƙe Anselmo," ta ce,
"nan take ɗora kai."

Na rubuta mata sunan likitan mutane.
Ta ninke takardar, ta cusa gefen kwando,
ta fita, ta soma ƙirga matakala.