Zufar Bututu

Ƙarfe biyu na rana, tsakar bazara,
muna bisa rufin likita, ni da Nomau.
Daga nan ana hango Gulbi, yashi zalla.
Kile ya ɗau zafi, sai da tsumma nake riƙe shi.

Ƙasa, ɗakin fiɗa ya ɗage aiki tun jiya.
Majo ya hawo sau uku yana haki:
"Kalla, ɗura mata gaz mu huta mana!"
Na ce masa tulun da ya tsage
ko rijiya ka juye ciki, ƙishi za ka kwana.

Sai muka bi jan ƙarfe da kumfar sabulu,
gaɓa gaɓa, kamar mai duba targaɗe.
Can bayan gwiwa ta huɗu, inda mai ya yi dabbare,
kumfa ta kumbura, ta fashe, ta sake kumbura.
Ƙofar da ba ta kai tsinin allura ba
ita ta kwantar da injin da ya fi akori-kura nauyi.

Na liƙe ta da wuta.
Na sa famfo ya zuƙe iska da laima
har allura ta sauka ta zauna.
Muka jira. Nomau ya dafa shayi, bai yi kumfa ba.
Allura ba ta motsa ba.

Buteli kan sikeli, tiyo rawaya a tsakiya.
Na buɗe kaɗan.
Gaz ba fura ba ce da za a kwankwaɗa,
wanda ya yi mata gaggawa kompiresa zai saya.
Kilo ɗaya. Biyu. Bakwai da rabi.
Cikin ɗan idon gilashi ƴan ƙwayoyi suna gudu,
suna raguwa,
sai ya washe tas.

Nomau ya ce, "Maigida, mun zuba sanyi."
Ban amsa ba, na ja shi gaban fanka.
Hucin da ya dake shi a fuska,
na ce, zafin mutanen ƙasa ne,
na mai naƙuda, na mai riƙe da almakashi.
Ba a zuba sanyi, yaro. Zafi ake ɗebowa,
kuma nan bisa ake zubar mana da shi.

Babban bututu ya soma zufa.
Na ɗora tafi a kai, na daɗe.

Da magariba a Bagalam, kuran ya ɗauke.
Habsu ta miƙo moɗa daga randar gindin bedi,
randar ita ma jikinta jiƙe,
ba sikeli, ba buteli.
Na sha biyu ban ce komi ba.