Daga Ɗaya Zuwa Goma

Jirgin ruwa bai tashi daga Chiloé ba,
teku ta hana.
Herminia ta goge allon wayarta da hannun rigar sanyi.
Tambayar kullum ta bayyana:
zafin yau, daga ɗaya zuwa goma?

Ta danna huɗu.
Ta dubi buhun dankalin da ya gagare ta jiya,
ta share, ta danna bakwai.
Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Can Puerto Montt, sashen ciwon daji,
jan ɗigo ya haska gaban Yasna.
Shayi bai huce ba, waya ta yi ƙara.

"Na'urar nan ta kai ƙarata?"
"Ƙara rabin ƙwaya. Ki ci wani abu tukuna."

Ruwa na dukan kwanon rufi.
Gobe, in teku ta huce.