Sati Nawa Ne Tsakani

A Whitby gishiri ne ke yin lissafi, ba ni ba.
Iska ta ɗebo shi daga teku da dare,
ta shafa wa kowace taga kamar hoda,
da safe ni, Clifford Garbutt, in ɗaure tsani a kan mota,
in buɗe littafina mai bangon da ruwa ya ci.

Layin da ke kallon teku, sati huɗu.
Na bayan coci, inda iska ke isa a gajiye, sati takwas.
Mai suyar kifi na bakin gada kuwa duk Litinin,
don maiƙo ba ya jiran ƙarshen wata,
mai yunwa kuma da ido yake fara ciniki.

Ubana ya bar mini tsanin nan da magana ɗaya:
kada ka yawaita, kada ka ɓace.
Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum.
In ka zo da wuri a ce kuɗi ne ya kawo ka,
ga gilashi fes, me za ka goge?
In ka makara, wani yaro mai sabuwar mota da dogon bututu
ya riga ya zura takardarsa ta ƙarƙashin ƙofa.

Akwai Mista Hebden, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa,
shi sau uku a shekara.
Wai ruwan sama lebura ne da ba ya karɓar fam.
Ban taɓa yi masa musu ba.
Tsuntsayen teku ke ba shi amsa,
fari fat, daga saman taga har ƙasa,
sai ya bugo waya yana gyaran murya,
wai ko hanya za ta biyo da ni.

Sai gida mai lamba goma sha bakwai.
Enid Thwaite, shekara tamanin da shida,
tagogi biyar da 'yar ƙaramar ta banɗaki.
Ita duk sati biyu, ran Talata, ƙarfe goma.
Na gaya mata gaskiya tun farko:
Madam, gilashin nan bai yi dattin kuɗinki ba.
Ta ce, kai dai goge.
Ina waje ina jan roba, tana ciki tana bin hannuna da yatsa,
nan, ka bar nan,
alhali babu abin da na bari.
In na sauko, shayi ya huce daidai bakina,
biskit biyu a faranti,
da labarin mijinta a jirgin kamun kifi,
wanda na ji sau ɗari,
kowane ji igiyar ruwan na ƙara tsawo.

A watan Nuwamba ɗanta ya rubuto daga Leeds.
Ya duba takardun banki, ya ga sunana ya yi yawa.
Daga yau sati takwas, in ji shi, kamar kowa a layin.
Bai yi ƙarya ba.
Da alƙalamina na soke biyu, na sa takwas.

Talata ta zagayo. Gidaje tara na jira na a kan tudu.
Na bi ta layinta don ya fi kusa,
haka dai na ce wa kaina.
Labule a ɗage. Kofi biyu a kan tebur.
Ba ta ɗaga hannu ba, ido kawai ta zuba mini.

Na kwance tsani.

Yanzu a littafi tana nan: sati takwas, fam goma sha biyu,
ɗanta na biya a kan kari, bai taɓa saɓawa ba.
Sauran Talatun uku ba su da gurbi a shafi.
In jiƙa soso, in wanke abin da ba shi da datti,
ta nuna nan, in koma nan.

Matata Maureen ta ce, to mu fa?
Tagar kicin ɗinmu rabonta da sabulu tun bikin Ista.
Na ce zan sa mu a littafi.
Ta ce, sati nawa?
Na ce, bari in ga inda iska ta dosa.