Musafahar Ƙarfe Uku

Tartu, ƙarfe uku na dare.
Kogin Emajõgi ya daskare,
shayin Piret ya huce.

Allo ya sake jan kunne:
wajen musayar makulli,
hannun da sabar ke miƙawa
tsohon yayi ne, ɓarayi sun haddace shi.

Ta bi fayil ɗin saiti
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Layi na arba'in da ɗaya,
ga rubutun marigayi Endel:
"Kar a taɓa. Na'urar auna ruwa
ba ta san wata gaisuwa ba."

Shekara tara,
kullum asuba sai ta ƙwanƙwasa.

Piret ta sauya makullan kowa,
ta bar wa tsohuwa 'yar ƙofa ɗaya,
sannan ta rubuta sunanta
ƙarƙashin nasa.