Kiwon Ƙwaya Ɗaya

Ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi, Newcastle na barci,
yayyafi na sauka a kan kogin Tyne,
ni kuwa ina hawa na huɗu da shuɗiyar safar hannu,
na zo ba dabbobina abinci.

Jinin na wani ne da ban sani ba.
Lamba kawai aka rubuta a jikin kwalba,
sai labarin cewa mura ta taɓa kayar da shi, ya tashi.
A cikinsa akwai fararen ƙwayoyi masu riƙo,
waɗanda ba sa manta fuskar wanda ya yi musu ɓarna.
Su nake nema.
Ɗaya cikin dubbai, in da rabo.

Na tsarma, na sake tsarmawa,
kamar mai koko da baƙi suka yi wa yawa,
har kowane rami ya sami ƙwaya guda, ko ya kwana wayam.
Rami tasa'in da shida a faranti, faranti goma sha biyu:
dara ce da ba a cin ta da wayo.
Na zuba musu maƙwabtan da haske ya hana haihuwa,
don ƙwaya ba ta son kaɗaici,
na rufe su a akwatin ɗumi, daidai zafin jikin mutum,
su ɗauka har yanzu suna gida.
Haka nake yi wa kaina da hita a ɗakina na Heaton.

Faranti uku fumfuna ta cinye.
Elspeth ta leƙa, ta ɗaga kafaɗa, ta miƙo mini shayi.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse;
ba a faɗi tukunya nawa ke fashewa ba.

Yau kwana goma sha shida.
Layi na shida, rami na tara,
ruwan hoda ya juya ruwan ɗorawa.
Na sa ido a madubi, numfashina ya tsaya:
curi ne, kamar ƙwan kwaɗi a bakin tafki,
dubu bisa dubu, duk kama ɗaya,
duk daga guda.

Na nuna musu guntun wata cuta, ko kallo.
Na nuna musu guntun tasu,
gari ya ɗauka.

Baba ya kira da azahar, daga Gumel,
yana dariya, wai garken nawa ya kai kai nawa?
Na ce miliyan huɗu, Baba, kuma duk sun shige cokali.
Ya yi shiru. Ya ce, to, Kubura, suna gane muryarki?

Ba sa ganewa.
Gobe zan raba su a ƙananan kwalabe,
in rubuta kwanan wata,
in saukar da su cikin sanyin da ke tsayar da lokaci.
Mai jinin kuwa wataƙila yana cikin jirgin ƙasan da zan hau,
yana hamma, yana duba waya,
ni ina tsaye kusa da shi da jiƙaƙƙiyar laima.