Ɓera, Kaza da Ƙafar Kawu

A Aboabo ruwa na dukan kwanon rufi.
Kawu Ɗan'azumi na kwance, ƙafa cikin karare,
tun ranar da injin tifa ya kuɓuce wa sarƙa a Suame
ya sauka a ƙaurinsa.
Ƙarƙashin gado wata kaza na ɗingishi.
Tsoho Gambo maɗori ne ya karya ta da hannunsa,
ya yi mata ɗauri irin na Kawu,
ya ce: ran da ta taka, ka taka.

Ni kuwa da takardu na dawo daga jami'a,
Malama Boatemaa ta ce a karanta kafin Litinin.
Ɓeraye sha shida aka karya wa cinya,
takwas aka cika musu akushi da abinci mai gina jiki,
takwas aka rage musu.
Bayan mako uku aka auna ƙwarin ɗorin.

"Hindatu, miƙo in gani."
Ya kai zanen gaban fitila, ya gwada da farce.
"Tsakanin layukan nan da ƙyar ƙwayar shinkafa za ta kwanta.
A kan wannan aka gurgunta bayin Allah?"

Na ce, Kawu, tsanin nan ba na magina ba ne.
Kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau goma.
Sidi goma, mataki ɗaya.
Sidi ɗari, biyu.
Dubu, uku, kuɗin da ka biya Tsoho Gambo.
Logaridim tambaya ce kawai:
sau nawa aka ninka da goma kafin a iso nan?
Ɗaya na zaune a gindin tsani, bai tashi ba tukuna.
Sifili kuwa ba shi da gurbi,
ko ka yi ta gangara har ƙafa ta gaji.
Ƙwayar shinkafarka kashi uku ce cikin goman mataki,
kuma wannan ɗan gibin, in an kwance shi,
ninki biyu ne.

"Ninki biyu!" Har ya yunƙura, ciwo ya mai da shi.
"Ladidi! Gobe a sayo busasshen kifi a Kejetia,
da ƙwai, da wake, a ƙara ganye a miya!"

Na ce a sayo, ba laifi, amma saurara.
Dubi sandunan da ke tsaye kan kowane ɗigo:
iyakar shakka ke nan, kuma sun kusa gaisawa.
Takwas da takwas ba taro ba ne.
Ɓerayen samari ne, duk maza,
ba mai ciwon suga, ba mai shekara hamsin da takwas,
ba wanda ke ɓoye taba a ƙarƙashin matashi.
Takardar ta ce yunwa na jinkirta ɗori a ɓera.
Ba ta ambaci sunanka ba.

Ya yi shiru. Ruwa ya tsagaita.
"To kazata fa?"

Na ce, su sha shida gare su, har da na kwatanci.
Tsoho Gambo guda ɗaya gare shi.
Ya yi dariya har kararen suka motsa:
"Ashe ku da shi sana'arku ɗaya,
ku dai kun fi shi ɓarna."

Ran Alhamis kaza ta miƙe,
ta tako har bakin kwanonsa, ta fizge kan kifi.
Kawu ya sauko da ƙafa a hankali,
diddige ya taɓa siminti,
ya janye, gumi a goshi.

"Ita kwana sha takwas," in ji shi.
"Ni a wane mataki nake?"

Na juya takardar gaba da baya.
Kaza na tsakar gida, tana tonon jiƙaƙƙiyar ƙasa.