Ɗaki Ɗaya a Lublin

An ba Bogumiła ɗaki ɗaya,
aka ce: zuba mana Poland a ciki
kafin Litinin.

Ta ɗauko taswira, ta mayar.
Iyakar ƙasar nan ta sha tashi
kamar rumfar kasuwa.

Ta jera dunƙulen gishirin Wieliczka,
baƙin burodi,
zakaran takarda da kakarta ta yanka
da almakashin askin tumaki.

Zdzisław mai gadi ya leƙo, yana tari:
"Maƙwabtanmu da aka kwashe a jirgin ƙasa fa,
ina gurbinsu?"

Ta yi shiru.
Can ta shimfiɗa farin ƙyalle,
ta ɗora faranti wayam,
irin wanda ake bar wa baƙo
daren jajibirin Kirsimeti.

Shi kaɗai ba ta manna wa lamba ba.